Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar Mota Mai Ƙwanji Ƙarfin Tashi

A shekara ta 1963 injiniyoyin Pontiac, wani reshe na kamfanin General Motors a Amurka, suka ɗauko injin babbar mota suka dasa shi cikin matsakaiciyar mota mai suna Tempest, suka raɗa mata suna GTO. Shugabansu a wannan aiki shi ne John DeLorean. Injin nan silinda takwas gare shi, a jere biyu kamar harafin V, cikinsa kuwa lita 6.4. Domin mu gane girmansa, sai mu tuna da Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, wadda take da silinda huɗu, injinta na fetur kuma bai wuce lita 2 ba. A shekarar farko aka sayar da GTO 32,450. Da sauran kamfanoni suka ga haka sai suka bi sahu da irin su Chevrolet Chevelle SS, da Dodge Charger, da Plymouth Road Runner. Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan motoci suna mai ma'anar "mota mai ƙwanji".

Zamaninsu bai yi tsawo ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973 suka taru suka karya kasuwarsu. Waɗanda suka rage yanzu sun haura shekara 50, masu sha'awarsu kuwa suna ta gyaransu domin su ƙara musu ƙarfin tashi. Waɗansu sukan yi nasara. Waɗansu kuwa sukan zuba kuɗi mai yawa, ƙarshe injin ya buga, ko motar ta yi gudun da birkinta ba zai iya tsayar da ita ba. Bambancin yana cikin bin aikin daki-daki. Bari mu ɗauki GTO ta 1964 ta zama mana misali.

Abin da ake nufi da ƙarfin tashi

Gudu dabam ne, ƙarfin tashi kuma dabam. Ƙarfin tashi shi ne saurin da mota take ƙara gudu daga tsaye. Amurkawa sukan auna shi ta hanya biyu: daƙiƙa nawa mota za ta ɗauka ta kai gudun mil 60 a awa, wato wajen kilomita 97, da kuma daƙiƙa nawa za ta ɗauka ta cinye rubu'in mil, wato mita 402.

Waɗanda suka karanta Fiziks a cikinmu sun san ƙa'ida ta biyu ta Isaac Newton, cewa saurin ƙaruwar gudu yakan samu ne idan aka raba ƙarfin da yake tura abu da nauyin abin. Ashe ke nan hanya biyu ce a gabanmu: mu ƙara ƙarfin da yake isa ƙasa ta wurin taya, ko mu rage nauyi. Mu lura da wannan magana, "isa ƙasa". Ƙarfin da ya tsaya cikin injin, ko ya ƙare a tayar da take juyawa wuri ɗaya tana hayaƙi, bai ciyar da mota gaba ko taku ɗaya ba.

Mataki na fari: lafiyar injin

Ba a ɗora wa marar lafiya kaya. Kafin a sayi kome, bakanike nagari yakan auna matsin kowace silinda. Bisa ga al'adar makanikai, bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ta gaza ƙwarai, to, zoben fistin ya cinye ko bawul yana yoyo, sai a fara gyara wannan. Sa'an nan a duba filogi, da wayoyinsu, da matatar iska, da lagireto, da bututan roba na mai. Sau da yawa wannan kaɗai yakan maido da ƙarfi mai yawa da tsufa ya cinye.

Akwai kuma abin da zamani ya kawo. An ƙera injunan nan domin fetur mai sinadarin dalma, wanda yakan kāre mazaunin bawul daga cinyewa. Amma dalma guba ce, Amurka kuwa ta hana sayar da irin wannan mai ga motocin hanya tun daga 1996. Saboda haka mai son ya wahalar da tsohon injin yakan sa a dasa masa mazaunin bawul na ƙarfe mai tauri. Har wa yau yawancin fetur na Amurka a yanzu yana da itanol kashi 10 cikin 100, wanda yakan ci tsohuwar roba. Bututun mai da ya tsage kusa da injin mai zafi, gobara ce take jiran lokaci.

Mataki na biyu: numfashi

Injin mota yana aiki da bugu huɗu, yadda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya tsara a 1876: fistin ya shaƙi iska da mai, ya matse su, filogi ya kunna wuta su ture shi, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Ba a iya ƙona mai sai da iska. A bisa awo, kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Wanda ya ƙara mai bai ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai ya saya.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kowace silinda takan shaƙi iska sau ɗaya cikin juyi biyu. In injin mai lita 6.4 yana juyi 5,000 a minti, zai yi shaƙa 2,500. Idan muka ninka 6.4 sau 2,500, mun sami lita 16,000 na iska a minti ɗaya! A zahiri silinda ba ta cika maƙil, gama iskar tana gamuwa da matsatsi a hanya. Dukan aikin gyara a nan shi ne a buɗe mata hanya.

GTO ita kanta ta nuna mana wannan. Da kafireta ɗaya mai maƙogwaro huɗu, kamfanin ya ce tana ba da ƙarfin doki 325. Da kafireta uku masu maƙogwaro bibbiyu, tsarin da suka kira Tri-Power, sai ta ba da 348. Daga baya Pontiac ta fito da tsarin Ram Air, mai jawo iska mai sanyi ta wata kafa a bisa murfin injin, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, ta kuma fi ta iskar oksijin a kowace lita. A ɓangaren fita kuma, akan sauya manifol na ƙarfen zubi da dogayen bututai, kowace silinda da nata, domin hayaƙi ya fita ba tare da cunkoso ba.

A nan ne mutane da yawa sukan yi kuskure. Sukan sayi kafireta wadda ta fi ƙarfin injin. Iskar da take bi ta babbar ƙofa ba ta da sauri, ba ta kuwa jan mai da kyau, sai direba ya taka totur motar ta shaƙe kafin ta tashi. Haka yake ga kamshaf, sandar nan mai ƙusumbi da take buɗe bawul. Kamshaf irin na tsere yakan bar bawul a buɗe ya daɗe, ya ba da ƙarfi sa'ad da injin yake juyi da sauri ƙwarai, amma ya raunana shi wajen tashi. Ƙararsa tana da daɗin ji, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Tsohon samfurin kamshaf kuma yana bukatar baƙin mai mai isasshen sinadarin zink, wanda aka rage a yawancin man zamani. In ba a kula ba, sabon kamshaf yakan cinye cikin ɗan lokaci.

Mataki na uku: wuta da matsi

Cakuɗen iska da mai yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya ƙone, don haka dole filogi ya ba da wuta tun fistin bai kai ƙoli ba. Daidaita wannan lokaci shi ne makanikai suke kira taimin. A Royal Oak ta jihar Mishigan an yi wani dillalin motoci, Royal Pontiac, da ya yi suna da wani gyara mai suna Bobcat. Ba su sauya injin ba. Sun sa gaskit marar kauri domin matsi ya ƙaru, suka faɗaɗa jet na kafireta, wato 'yar ƙofar da mai yake bi, suka toshe hanyar da take ɗumama cakuɗen, suka kuma gyara distiributa domin wuta ta riƙa zuwa da wuri. Ƙananan gyare-gyare ne da suka dace da juna.

Amma abin da ya yi kyau a 1964 ba lalle ne ya yi kyau yau ba. Injin GTO yakan matse cakuɗen har ninki 10.75, an kuwa yi shi domin fetur mai oktan da yawa. In aka ba shi mai marar ƙarfi, wani sashe na cakuɗen yakan fashe da kansa, a ji ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙara gargaɗi ce, gama tana iya fasa fistin. Shi ya sa masu gyara a yau sukan ɗan rage matsi, ko su ja taimin baya kaɗan. Da yawa kuma sukan cire kwantak, wanda yakan cinye ya ɓata taimin, su sa na'urar lantarki a madadinsa, kamar yadda General Motors ta yi wa motocinta tun daga 1975.

Mataki na huɗu: giya, taya da nauyi

Cikin aksul na baya akwai giya biyu masu haƙora. Idan an ce giyar 3.08 ce, wato farfela takan juya sau 3.08 kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sauya ta da 3.90, ƙarfin da yake murɗa taya yakan ƙaru da wajen kashi 27 cikin 100, alhali ba a taɓa injin ba. Mai keke ya san wannan sa'ad da zai hau tudu. Sai dai kome da farashinsa. Injin da yake juyi 2,400 a minti a kan babbar hanya zai koma yin wajen 3,000 a wannan gudu, ya ƙara shan mai da zafi da ƙara. Maganin da ake yi yanzu shi ne a sa giyabos na zamani mai giya biyar, ta biyar ɗin ta sassauta wa injin a doguwar tafiya.

Aksul na yau da kullum yana da wani hali: in taya ɗaya ta sami santsi, sai ta yi ta juyawa ita kaɗai, ɗayar tana tsaye. A wancan zamani Pontiac tana da wani irin aksul mai suna Safe-T-Track wanda yakan sa tayoyin biyu su ja tare. Tayoyin 1964 kuwa sirara ne, na tsohon saƙi. Tayar radiyal mai faɗi ta zamani ta fi su kama ƙasa nesa ba kusa ba.

GTO tana da nauyin kilo wajen 1,600. Masu tsere suna da wani kiyasi, cewa duk kilo 45 da aka rage yakan rage wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a rubu'in mil. Akan sami wannan ta wurin sauya sassan ƙarfen zubi da na alminiyom. Mai hikima yakan adana tsofaffin sassan, gama motar da take da kayanta na asali ta fi daraja a kasuwa.

Birki kafin gudu

Mun ajiye wannan a ƙarshe, amma a gareji shi ya kamata ya riga sauran. GTO ta 1964 ta fito da birkin ganga irin na Tempest, mujallun lokacin kuwa sun yi kuka da shi, domin yakan yi zafi ya daina kamawa. Sai a 1967 aka fara samun birkin faifai a gaba ga mai so, aka kuma raba hanyar man birki gida biyu, domin in ɗaya ta fashe ɗayar ta riƙe. Fiziks ya koya mana cewa in gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi yakan ninka huɗu. Wanda ya ƙara wa injin ƙarfi ya bar tsohon birki, da ransa da na waɗansu yake wasa. Wurin gwada gudu kuma shi ne filin tsere. Domin a raba samari da tsere a titi ne Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951.

Awo na gaskiya

A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta buga cewa GTO ta kai mil 60 a awa cikin daƙiƙa 4.6. Labarin ya sa motar ta yi farin jini. Amma wata mujalla, Car Life, da ta gwada tata mai Tri-Power, daƙiƙa 6.6 ta samu. Bayan shekara fiye da 30, Jim Wangers, mai yi wa Pontiac talla, ya amsa cewa an sa wa motar gwajin injin mai lita 6.9 a ɓoye, wanda a ido ba a bambanta shi da na asali. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Har ma alƙaluman ƙarfin doki na wancan zamani, an auna su ne da injin tsirara a kan benci, ba salansa ba matatar iska. Daga 1972 ne aka koma auna injin da dukan kayansa, sai alƙaluman suka faɗi.

Saboda haka mai gyara na ƙwarai ba ya dogara ga talla ko ga ƙarar salansa. Yakan auna motarsa kafin ya taɓa ta, ya sauya abu ɗaya, ya sāke aunawa, ya rubuta a littafi. Wannan ita ce hanyar da muke bi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ɗalibin da ya saba da ita tun yana makaranta, ya riga ya kama hanyar zama injiniya, ko da bai taɓa ganin GTO da idonsa ba.