Yadda kundin sanarwa ya kumbura har ya gagari aikawa

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyon jama'a ya san cewa ba kiɗa ba ne ke riƙe da gidan, sanarwa ce. Sanarwar suna, ta ɗaurin aure, ta rasuwa, cigiyar raƙumi ko jaki da ya ɓata ranar kasuwa, da ɗan tallan mai shago. Jikka guda nan, jikka biyu can, da su ake sayen man janareto, da su ake ba ma'aikata ɗan abin sabulu. Tun shekarar 2006 muke rubuta waɗannan kuɗi a cikin kundi guda na Excel, kowace shekara da shafinta: ranar da aka kawo sanarwa, sunan wanda ya kawo, sau nawa za a karanta, nawa ya biya, nawa ya rage.

A ƙarshen shekarar 2023 wannan kundi ya so ya kunyata mu. Wata ƙungiya da ke tallafa mana ta nemi mu aika mata da shi ta imel kafin ƙarshen wata, domin sai ta ga lissafinmu za ta sa hannu kan tallafin shekara mai zuwa. Muka je aikawa, ya ƙi tafiya. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale da wasiƙa, namu kuwa ya haura 60. Dama tun tuni ma'ajinmu ke kuka da shi, don in ya danna shi da safe, sai ya je ya sha shayi ya dawo kafin ya buɗe. Mu dai mun ɗauka tsufan kwamfuta ne, ba mu taɓa zargin kundin ba.

Abin mamakin shi ne, rubutun da ke ciki ba shi da yawa. Sanarwar shekara guda ba ta cika layi dubu biyu ba. Rubutu zalla irin wannan, ko na shekara ashirin ne, bai kamata ya wuce ƴan megabait ƙalilan ba. To ina sauran nauyin ya fito?

Wani ƙanenmu da ke gyaran kwamfuta a bakin tasha shi ya fara nuna mana bakin zaren. Ya ce mu buɗe shafi guda mu danna Ctrl tare da Fin, wato End ga masu allon rubutu na Turanci. Waɗannan maɓallai biyu suna kai mutum gurbi na ƙarshe da Excel ke ɗauka ana amfani da shi. A shafin 2010 suka kai mu daidai inda rubutu ya ƙare. A shafin 2016 kuwa sai muka tsinci kanmu a layi na 65,536, wanda shi ne iyakar shafi a tsohon tsarin Excel na 97 zuwa 2003. Tsakanin sanarwa ta ƙarshe da wannan wuri akwai layi sama da dubu sittin, fari fat a ido, amma ba fanko ba ne.

Da muka bi sawu sai muka tuna. A wannan shekara wani yaro ɗan koyon aiki ya so ya hutar da ma'aji, sai ya ja umurnin lissafi, wanda ake cewa formil, a layukan tsaye guda biyu tun daga sama har ƙarshen shafi, ya kuma tsara shi yadda in babu sanarwa a layin ba zai nuna komi ba. Niyyarsa alheri ce. Sai dai kowane gurbi mai formil, ko ya nuna sakamako ko bai nuna ba, ana ajiye shi a cikin fayil, kuma kwamfuta na iya komawa kansa in ana sake lissafi.

A nan ne makro ya shigo maganar. Ga mai karatu da bai san shi ba, makro jerin umurni ne da ake ajiyewa cikin kundi domin kwamfuta ta maimaita wani aiki da kanta in an danna maɓalli guda. Ana rubuta shi da harshen VBA, wanda kamfanin Microsoft ya sa a cikin Excel tun 1993, kuma da kalmomin Turanci ake rubuta shi ko da Excel ɗin mutum na Faransanci ne. Namu makro ɗin aikinsa shi ne, duk ranar 1 ga Janairu, ya kwafi shafin bara, ya share sunaye da kuɗi, ya sa masa sabuwar shekara. Yana share abin da ido ke gani, ya bar formil ɗin yaron. Daga 2016 zuwa 2023 shafi takwas ke nan, kowane da layin tsaye biyu masu gurbi 65,536. Mai karatu ya buga lissafin da kansa, zai ga gurbi sama da miliyan guda ne muke ɗauke da su ba gaira ba dalili. Ashe makro ɗin da muke alfahari da shi, shi ke haifa mana nauyi duk shekara.

Kafin a taɓa komi, ƙanen namu ya dage sai an kwafi kundin a kile biyu, an sa ɗaya a aljihun tebur an kulle. Mun ɗan yi masa dariya a lokacin.

Mataki na farko bai ma buƙaci makro ba. Kundin namu har lokacin a tsohon tsari na .xls yake. Daga Excel 2007 aka kawo sabbin tsare-tsare: .xlsx ga kundi marar makro, .xlsm ga mai makro, da kuma .xlsb. Waɗannan a matse suke tun asali, kamar kayan da aka ɗaure tamau cikin buhu. Ajiye kundin a .xlsm kawai ya rage masa nauyi sosai. Amma a yi hattara a nan, wanda ya ajiye kundi mai makro a .xlsx, makro ɗinsa sun tafi. Excel zai yi gargaɗi sau ɗaya, mai gaggawa kuma ba ya karanta gargaɗi. Shi .xlsb sau da yawa ya fi su ƙanƙanta kuma yana riƙe makro, sai dai ba kowace manhaja ke buɗe shi yadda ya kamata ba, mu kuwa ba mu san da me mutanen ƙungiyar za su buɗe ba, don haka muka bar shi.

Sabon tsarin yana da wani amfani da ya burge mu. In aka kwafi fayil ɗin aka canza ƙarshen sunansa zuwa .zip, ana iya buɗe cikinsa a ga kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, kowane da nauyinsa. Akwai wurin da shafuka suke, akwai wurin hotuna. A wurin hotuna muka tarar da rasit goma sha wani abu da aka ɗauka da salula aka manna a shafin 2021. An ja kusurwarsu sun zama ƙanana a ido, amma jan kusurwa ba ya rage nauyin hoto, ko yanke gefensa aka yi, abin da aka yanke yana nan a ɓoye sai an umurci Excel ya matse hotuna ya zubar da shi. Muka cire su duka muka ajiye su a wani wuri dabam.

Sai aka zo kan layukan banza. Ana iya yi da hannu: a zaɓi layin farko da ke bayan rubutu har zuwa ƙasa, a cire layukan gaba ɗaya, ba share abin da ke cikinsu kawai ba, sannan a ajiye kundin, don sai an ajiye ne Excel ke sake auna iyakar shafi. Amma shafi goma sha takwas ne, dare ya yi, kuma wuta na iya ɗaukewa a kowane lokaci. Sai muka yanke shawarar a rubuta ɗan makro da zai bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya nemo layi na ƙarshe mai rubutu, ya cire duk abin da ke ƙasa da shi. Layi goma ne ko ƙasa da haka. Aka danna Alt da F11, aka rubuta, aka sake shi. Kafin a ce kwabo ya gama, kundin ya sauko ƙasa da megabait uku. Muka yi ta murna, har an aika yaro ya sayo tsire.

Ma'ajinmu ne ya tsayar da murnar. Dattijo ne da ba ya yarda da abin da bai ƙirga ba. Ya ce a buɗe masa shafin 2022 ya ga masu bashi. Aka buɗe, babu su.

Ga abin da ya faru. Makro ɗin yana duba layin tsaye na farko ne kaɗai, wato na kwanan wata, don ya gane inda rubutu ya ƙare. Shi kuwa ma'aji, shekara da shekaru, yana da al'adar sauka can ƙasa da sanarwar Disamba, ya bar ɗan fili, ya rubuta sunayen waɗanda aka yi wa sanarwa bashi, ƴan kasuwa, masu unguwanni, ƙungiyoyin mata, da abin da ake bin kowa. Ba ya sa kwanan wata a wurin. A idon makro, layin da babu kwanan wata fanko ne, don haka ya haɗa da su ya kwashe. Bashin shekaru uku ne, kuɗin da ya isa ya riƙe janareto watanni, kuma ba a rubuta shi a ko'ina ba sai nan. Wurin da ake tara jimillar bashi a shafin farko ya koma nuna #REF!, alamar formil na neman gurbin da ba ya nan.

Wani daga cikinmu ya yi wuf ya danna Ctrl da Z. Babu abin da ya dawo. Wannan shi ne abin da ya kamata duk mai wasa da makro ya sani tun kafin ya fara: aikin da makro ya yi ba ya komawa baya da wannan maɓalli, hasali ma yana shafe tarihin abin da aka yi kafinsa. Da ba a ajiye kundin ba, da sai a rufe shi a sake buɗewa. Mu kuwa cikin ɗokin ganin sabon nauyi mun riga mun ajiye. Ɗakin ya yi tsit. Ma'aji ya tashi bai ce da kowa uffan ba, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko kile ɗin da muka yi wa dariya.

Karo na biyu mun tafi a hankali. Aka gyara makro ɗin ya riƙa duba shafin duka, ba layin tsaye guda ba. Da yake formil ɗin yaron sun kai har ƙasa, sai da aka fara share su daga layukan da babu sanarwa, in ba haka ba makro zai ɗauke su a matsayin rubutu ya ce shafin cike yake. Aka kuma sa shi ya riƙa tsayawa a kowane shafi ya faɗi lambar layin da zai fara yanka, sai an amsa masa sannan ya yanka. Kafin a sake shi, ma'aji ya rubuta jimillar kuɗin kowace shekara da jimillar bashi a takarda da biro, bayan an gama aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sun yi daidai har dala.

Mun kuma yi ƴar shara a wasu lunguna. Akwai shafuka biyu da aka ɓoye tun zamanin wani tsohon darakta, babu abin da ke cikinsu sai gwaji. Akwai tarin sunayen gurabe da ke nuni ga wuraren da aka daɗe da cirewa. Shekarun da aka rufe lissafinsu kuwa, daga 2006 zuwa 2020, muka mayar da formil ɗinsu lambobi tsayayyu, tunda babu abin da zai sake canzawa a cikinsu, muka kai su wani kundi na ajiya. A ganinmu wannan ya fi kowane makro amfani, don babu dalilin da zai sa mai rubuta cigiyar jakin yau ya buɗe lissafin shekara goma sha bakwai.

Wani abu da ya kamata a faɗa game da makro da ake samu a intanet da sunan rage nauyin kundi: akwai masu kyau, amma makro umurni ne da ke iya yin duk abin da mai shi ya so a cikin kwamfuta. Tun 1996 aka ga ƙwayar cuta ta farko da ke bin makro na Excel, mai suna Laroux, kuma a 2022 Microsoft ya fara toshe makro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, sai mutum ya buɗe musu hanya da kansa. Wannan ya shafe mu ta wata fuska, domin da mun aika kundi mai makro, da mai karɓa ya tarar da jan gargaɗi a saman shafi, watakila ma ya ji tsoron buɗewa. Don haka kwafin da muka aika wa ƙungiyar .xlsx ne, babu makro ko ɗaya, shekaru uku kacal da suka nema. Bai kai megabait guda ba, ya tafi da ɗan intanet ɗin salula, saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Makro ɗin sabuwar shekara ma an sake masa hali. Yanzu ba ya kwafar shafin bara, yana ɗaukowa ne daga wani shafi mai tsabta da aka tanada, kuma formil na bin sanarwa layi bayan layi yadda ake shigar da ita. Masu bashi sun samu shafinsu na kansu, da kwanan wata a gaban kowane suna. Ma'aji ya yarda da sabon tsarin, amma ya sayi littafi mai bango baƙi a kasuwa, kuma duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana zama ya kwafe sunayen a ciki da hannunsa.