Atamfar Lefe a Tsakiyar Landan

Duk wanda ya taɓa haɗa lefe daga Yola ta Ƙaraye, ko daga Rogo, ya san inda tafiyar ke ƙarewa: Kantin Kwari, a gaban mai shago yana zazzage turmi bayan turmi. Idan aljihu ya yi nauyi sai a ce a kawo Holan. Sunan ma ya tona asiri, amma ba mu cika tsayawa mu tambayi yadda kayan da ake bugawa a Turai suka zama tufar da muke kira tamu ba. Wani mai fasaha ɗan Birtaniya, Yinka Shonibare, ya shafe sama da shekara 30 yana juya wannan tambaya.

An haife shi a Landan a 1962, iyayensa Yarabawa ne, suka dawo da shi Legas yana ɗan shekara uku. Ya koma Ingila da ƙuruciya, kuma yana da shekara 18 wata cutar laka ta shanye masa ɓarin jiki. Yau da keken guragu mai lantarki yake yawo. A makarantar zane wani malaminsa ya tambaye shi dalilin da ba ya yin aiki irin na Afirka tsantsa. Sai ya nufi kasuwar Brixton, inda 'yan Afirka ke sayen atamfa, ya bi diddiginta. Ashe salon rinin na mutanen Indonisiya ne, 'yan Holan da suka mulke su suka kwaikwaya da inji, suka sami kasuwa a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, da aka kafa tun 1846, har gobe yana bugawa. To ina tsantsar take?

Irin aikinsa ana iya ce masa fasahar tunani. Ba santsin hannu ake aunawa ba, dabarar da ke bayan abin ita ce aikin. Shi yake tsarawa, teloli da masassaƙa su aiwatar. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba. A ɗinkin babbar riga mai aska takwas, wani ne ke zana fasalin a kan yadi, wani kuma ya zauna da allura wata da watanni.

A ganina aikinsa mafi kaifi shi ne na 2003 kan wawason Afirka. Mutum-mutumi 14 ne zagaye da dogon teburi mai taswirar nahiyar a kai. Ɗinkin jikinsu na manyan Turawan ƙarni na 19 ne, kwat da falmaran, amma yadin atamfa ce mai launi rangaɗau. Wannan ya miƙa hannu, wancan ya dafa kafaɗar na kusa da shi, gardama ta kaure. Babu ko ɗaya mai kai. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ake nufi, inda aka shimfiɗa ƙa'idar rabon da ta share hanyar sojan Ingila zuwa Kano a 1903. Mai kallo daga nan ba ya buƙatar tafinta: mutane ne da aka cire musu wurin hankali suna rabon gonar da ba ta gadonsu ba. Ban da haka, rashin kan ya hana ka gane ko farare ne ko baƙaƙe.

A 2010 ya dasa wata ƙatuwar kwalba a dandalin Tarafalga, cibiyar Landan, da kwafin jirgin yaƙin Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, a ciki, filafilansa 37 duk da zanen atamfa. Kwalbar tana gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich yanzu. A 2014 kuma ya lulluɓe littattafai fiye da 6,000 da atamfa, aka rubuta sunayen baƙin haure da 'ya'yansu da ruwan zinare a ƙeyar da yawansu, har da sunayen masu adawa da shigowar baƙi. Gidan adana fasaha na Tate ya mallaki wannan aiki a 2019.

Akwai masu yi masa tsiya cewa yana sukar daular Birtaniya da baki, yana karɓar lambar girmanta da hannu, don ya karɓi MBE, sannan CBE a 2019, har yana liƙa haruffan a bayan sunansa. Ni dai ina ganin da gangan yake, tsokanar ma cikin aikin take. Wasu kuma na cewa atamfar ta yi yawa, kullum miya ɗaya. Wannan suka tana da ɗan ƙamshin gaskiya.

Bai manta gida ba. A 2022 ya buɗe masaukin masu fasaha a Legas, haɗe da gona kusa da Ijebu Ode, inda ake noma ana bincike. Mu kuwa a nan Arewa, masaƙun Kaduna da suka taɓa buga mana atamfa sun yi shiru, yawancin turamen da amaren Ƙaraye ke jerawa a akwati yanzu daga Sin suke zuwa.