Ƙwayar Cuta Mai Barci a Jikin Yara

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, ku lura. Akwai wata ƙwayar cuta, Epstein-Barr, wadda aka gano cikin 1964. Yawancin mutane suna ɗauke da ita tun suna ƙanana. Takan kwanta cikin fararen ƙwayoyin jini, jiki kuwa yana tsare da ita. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kama yaro, sai tsaron ya raunana, ta farka. Wani sa'i takan jawo ciwon daji mai kumbura muƙamuƙi ko ciki.

Saboda haka, lalle yaranku su kwana cikin gidan sauro, balle da damina. In kun ga kumburi yana ƙaruwa da sauri, kada a yi masa sakiya. Ku kai yaron asibiti maza. Yakan warku in an je da wuri.