Uwargida, Ga Shirin Da Ake Yi Kafin A Shiga Filin Zamiyar Ƙanƙara

Uwargida, a wajenmu nan Tambuwal da Kebbe ƙanƙara abar saye ce. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, balle a ce azumi ya faɗo a ciki, sai ki aiki yaro ya sayo ƙulli guda a jefa cikin kunun zaƙi ko zoɓo. To, akwai ƙasashen da ake shimfiɗa ta a ɗaki kamar daɓe, mutane su sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa su yi ta zamiya a kai don nishaɗi.

Kada ki ce wannan bai shafe ki ba. Yau matanmu suna zuwa Dubai saro kaya, wasu suna zuwa Ingila ko Masar ganin 'ya'yansu da ke karatu. A babban rukunin kantunan nan na Dubai Mall, wanda aka buɗe a 2008, akwai filin ƙanƙara a tsakiyar gini, masu sayayya suna wucewa suna kallo. Ko a nan Afirka akwai irinsa a otal ɗin Panari na Nairobi tun 2005. Ranar da yaranki suka hango shi za su kama gefen mayafinki da roƙo, kuma a ranar ne za ki so a ce kin san abin da ake ciki.

Shi filin, bututu ne aka jera a ƙarƙashin daɓe, wani ruwa mai tsananin sanyi yana zagayawa a ciki, shi ke daskarar da ruwan da aka zuba a sama. A birnin Landan aka fara yin irinsa da inji a 1876. Babba daga ciki yakan kai mita 60 a tsawo, 30 a faɗi. Ƙanƙarar tana da tauri kamar siminti, saboda haka wanda ya faɗi a kanta ya san ya faɗi. Iskar ɗakin kuwa ba ta wuce sanyin asubar hunturu irin na watan Janairu da kika saba da shi ba sosai.

Fara da tufafi. Zane da doguwar riga mai jan ƙasa ba na wannan wuri ba ne, domin ƙarfen takalmi yana iya kama bakin riga ya kayar da mutum. Ki sa wando mai kauri har idon sawu, da riga mai dogon hannu wadda ta sauko zuwa gwiwa, ki ɗora rigar sanyi marar nauyi da za ki iya cirewa in jiki ya ɗumama. Hijabi ya zama gajere, ki cusa bakinsa cikin rigar sanyi, kada ki kafe shi da allura. Sutura ba ta hana wasan. Wata 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Zahra Lari, ta shiga gasa a Italiya a 2012 da ɗankwalinta a rufe. Alƙalai sun rage mata maki a kansa, amma ba ta cire ba, daga baya kuma aka daina ragewa.

Abu biyu kada ki baro su a masauki: doguwar safa da safar hannu. Safar ƙafa guda ɗaya ta isa, ba a ninka biyu, don ninki yana sa ƙafa ta yi ta yawo cikin takalmi har ta yi bororo. Safar hannu kuwa tana tsare yatsu daga sanyi da kuma kaifin takalman masu wucewa. Awarwaro da dogon ɗan kunne a bar su a jaka.

Takalmi haya ake bayarwa a wurin. Ki faɗi lambar ƙafarki ta gaskiya, kada ki karɓi babba don neman sakewa. Ki tura diddige har ƙarshe, ki ɗaure igiya tamau a wajen idon sawu, sannan ki miƙe tsaye. In ƙafa tana karkata ciki ko waje, ɗaurin bai yi ba, a sake. Na yara ke za ki duba da hannunki. Ki nemar musu hular kwano, ki kuma tambaya ko akwai abin turawa da ƙananan yara ke dafawa, yawancin wurare suna da shi.

In kin taka ƙanƙara, riƙe shingen gefe tukuna. Ki ɗan durƙusa, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a gaba, ki riƙa ɗaga ƙafa kaɗan-kaɗan kamar mai tafiya a kan laka bayan ruwan sama. Idonki a gaba, kada ki kalli ƙasa. Ke da kika ɗauki tulu a ka tun kina yarinya ba ki zubar ba, kin riga kin san wannan sirri. Ki bi inda jama'a suka nufa, domin gefe guda ake zagayawa. Kuma kada ki ɗauki yaro a hannu ko ki goya shi, in kin faɗi ku biyu ne.

Faɗuwa kuwa ba makawa, har gwanaye suna yi. Abin koyo shi ne yadda za a faɗi. In kin ji za ki tafi, durƙusa ki zube ta gefe, kada ki koma da baya ƙeya ta bugu, kada kuma ki tokare da tafin hannu, nan ne ake samun targaɗe da karayar wuyan hannu. Da kin kai ƙasa ki dunƙule yatsu. Wajen tashi, juya ki yi rarrafe, ki kafa ƙafa ɗaya, ki dafa gwiwa ki miƙe. Ki koya wa yara wannan tun a masauki, a kan darduma. Yaron da ya bugu a kai ya fara amai ko jiri ko yawan barci, a kai shi asibiti nan take.

Mai juna biyu, da mai ciwon baya ko gwiwa, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan, su zauna a kujerun 'yan kallo. Kuɗin asibiti a ƙasar waje yana iya cinye jarin da kika je da shi, don haka tun kafin tafiya ki tambaya ko inshorar tafiyarku ta haɗa da raunin wasa.

A ƙarshe, ki duba jadawali, domin lokaci-lokaci ake shiga, ana kuma tsayawa mota ta goge filin. Zaɓi safiyar ranar aiki da babu cunkoso, ki kauce wa lokacin salla. Rabin sa'a ya ishi mai koyo a ranar farko, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.