Tabar Wiwi a Hannun Kimiyya: Ganyen Jiya Ba Shi Ne Na Yau Ba

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya da damina, idan ya iso Katabu a Ƙaramar Hukumar Igabi, ba zai rasa ganin rama tsaye a gefen gonakin masara ba. Baƙon da bai san ta ba yana iya yin turus, domin ganyen wasu irinta a tsattsage yake kamar yatsun hannu, tamkar na tabar wiwi. Shi kansa shahararren masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, da ya tashi raɗa mata sunan kimiyya sai ya kira ta Hibiscus cannabinus, watau mai kama da wiwi. Amma kama da wane ba wane ba ne. Rama dangin kuɓewa ce da yakuwa da auduga, kuma babu ɗigon abin sa maye a jikinta.

Ita wiwi ta ainihi, wadda masana ke kira Cannabis sativa, ba a gonakin Katabu gidanta yake ba. A Nijeriya an fi nomanta a ɓoye cikin dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Osun da Delta, sannan a yo safararta zuwa Arewa. Abin da ya kamata ɗalibi da malaminsa su sani shi ne, tsiron da ake kira da wannan suna a yau ya sha bamban da wanda aka sani shekaru hamsin da suka wuce. Hannun ɗan Adam ne ya sauya shi.

Namiji da mace

Asalin wiwi daga nahiyar Asiya ne, inda aka daɗe ana nomanta don dalilai biyu. Wasu sun riƙa zaɓen mai dogon kara saboda igiya da tufafi, wasu kuma suka riƙa zaɓen mai yawan danƙo saboda magani da maye. Wannan zaɓe bai bambanta da na manomin da ke ware zangarniyar gero mafi kyau don irin baɗi ba.

Kamar gwanda da dabino, wiwi tana da namiji da mace. Danƙon yana taruwa ne a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin gashi da ke kan furen macen. Idan bununin namiji ya sauka a kanta, sai ta karkata ƙarfinta wajen yin iri. Idan kuwa bai sauka ba, sai ta ci gaba da zuba fure da danƙo. A shekarun 1970 masu noman ɓoye a Amurka suka rungumi wannan sani, suka kuma haɗa aure tsakanin irin Afganistan da na ƙasashe masu zafi kamar Meziko da Kolombiya. Daga baya aikin ya bunƙasa a Holan, ya koma cikin rufaffun ɗakuna inda fitilun lantarki suka maye gurbin rana, na'urori kuma suka karɓi aikin damina. Har ila yau, maimakon shuka iri, sai aka koma dasa reshe kamar yadda ake dasa rogo ko rake. Mai karatu ya san cewa rogon da aka dasa daga kara ba ya sauya hali daga na uwarsa. Ta haka tsiro guda mai tsananin ƙarfi yake zama dubbai, babu bambanci.

Sakamakon ya fito fili a ɗakin gwaji. Jami'ar Misisipi ta Amurka ta daɗe tana auna wiwin da hukuma ta kama. A 1995 sinadarin da ke sa maye, mai suna THC, kimanin kashi 4 cikin 100 ne. Zuwa 2014 ya kai kimanin kashi 12, watau ya ninka sau uku cikin shekaru ashirin.

Masaƙa biyu, zare ɗaya

Shi wannan THC, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka tace shi suka bayyana sigarsa a Isra'ila a 1964. Yana da ɗan'uwa mai suna CBD, wanda ba ya sa maye. Abin ban sha'awa shi ne, daga abu guda tsiron yake ƙera su duka biyun. A kwatanta da masaƙa biyu da aka ajiye wa kwando ɗaya na zare: duk abin da ɗaya ya ɗauka, ɗayan ya rasa. Kowane masaƙi, watau sinadarin da ke yin sarrafawar, yana da ƙwayar gadon da ke ba shi umarni. A 2011 masana a Kanada, ƙarƙashin Jonathan Page da Timothy Hughes, suka fara karanta jerin ƙwayoyin gadon wiwi, suka kwatanta iri mai maye da irin da ake nomawa don 'ya'yansa, suka ga masaƙin THC yana aiki haiƙan a na farkon, a na biyun kuwa kusan a kwance yake.

Wannan ya bayyana wani abu da awon Misisipi ya nuna. Yayin da THC ke hawa, CBD sauka yake yi. A 1995 THC ya ninka CBD kamar sau 14, amma a 2014 ya ninka shi kusan sau 80. Yanzu kuma mai kiwon iri ba ya buƙatar jiran fure. Daga ɗan guntun ganyen jaririn tsiro ana iya gane jinsinsa da masaƙin da ya gada. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin irin wannan ilimi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, take aiki da shi wajen inganta masara da dawa, kuma daga can aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019.

Abin da ya shafi ƙwaƙwalwa

A nan ne maganar ta dawo gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kimanin miliyan 10.6 ne ke shan wiwi, fiye da kowane abin maye da doka ta hana. Bugu da ƙari, Hukumar NDLEA tana yawan kama wadda ake shigowa da ita daga Kanada da Amurka, wadda samari ke kira Loud, 'yar rufaffen ɗakin nan da aka ambata. Akwai kuma Colorado, wadda sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, kuma ƙarfinsa yana iya zarce na THC nesa ba kusa ba.

A 2019 Marta Di Forti da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a wurare 11 na Turai da Burazil. Sun gano cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kamar sau uku. Idan kuwa mai ƙarfi ce, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, haɗarin ya kusa ninkawa sau biyar. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, saboda haka ɗan sakandare ne ya fi kowa zama a bakin rami. Saurayin da ke kafa hujja da wani dattijon unguwa da ya sha ya tsufa lafiya, ya manta cewa sunan ne kawai ɗaya, ƙarfin ba ɗaya ba ne. Asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, a Kaduna, yana daga cikin wuraren da ake kula da waɗanda shaye-shaye ya kayar.

Ɗaya ɓangaren

Ilimin da ya ƙara wa wiwi dafi shi ne kuma ya samar da irin da kusan babu maye a cikinsa. A 2018 Amurka ta halatta noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, ta kuma amince da maganin Epidiolex, wanda CBD ne tatacce, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A 2019 Jay Keasling da tawagarsa a Jami'ar Kalifoniya suka dasa ƙwayoyin gadon wiwi a cikin yis, dangin wanda ake kumbura burodi da shi, ya riƙa cin sukari yana fitar da waɗannan sinadarai ba tare da gona ba. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi tata dokar a 2021.

A Nijeriya kuwa, dokar 1966 da ta 1989 wadda ta kafa NDLEA sun haramta noman wiwi. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi kira a 2019 da a ba da damar nomanta don magani, amma dokar ba ta sauya ba. Babbar matsalar da ke gaban duk ƙasar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce ta awo. Ɗalibin aji ɗaya yana iya bambanta rama da wiwi da zarar ya ga babban furen rama mai kama da na kuɓewa. Amma tsakanin wiwi mai kashi 0.3 da mai kashi 20, ido da hanci ba su isa shaida ba, sai an kai samfuri ɗakin gwaji na'ura ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya.