Mene ne nitsewar ƙwallo a ramin yashi a wasan golf?

A filayen golf, kamar na Mont Fébé da ke Yawunde, ana haƙa ramuka a cika su da yashi kusa da lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin zura ƙwallo, domin su zama tarko. Idan ƙwallo ta faɗo daga sama da ƙarfi kan yashi mai laushi, takan nitse har rabinta ko fiye, kuma doka ba ta yarda a ɗauke ta kyauta ba.

Ɗan wasa yakan yi amfani da sanda mai faɗin gindi, wadda Gene Sarazen ɗan Amurka ya shahara da ita a 1932. Yakan kafa ƙafafunsa cikin yashi, ya karkatar da fuskar sandar ƙasa, sannan ya sara yashin da ke bayan ƙwallon, ta yadda yashin ne zai tunkuɗo ta waje. Ƙwallon takan fito ƙasa-ƙasa ta gangara da nisa, shi ya sa masu koyo suka fi shan wahalarta. Tun 2019, dokokin hukumomin golf na R&A da USGA sun ba da damar fitar da ita zuwa bayan ramin yashin, amma a ƙara wa ɗan wasa bugu 2.