Kafin Jigawa Ta Kafa Fankar Lantarki, Ta Dubi Lambar Rimi

Tun bayan duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka lalace, maganar samar da lantarki daga iska ta dawo bakin jama'a. A majalisun Birnin Kudu da kasuwar Sara ta Gwaram, ra'ayi biyu ake ji. Wasu na cewa ga iska Allah ya hore mana kyauta, a kafa fankoki mu huta da jiran kamfanin rarraba wuta na KEDCO. Wasu kuma sun yanke hukuncin cewa ɓarnar kuɗi ce, tunda iska kan ɗauke ba sallama. Duka ɓangarorin sun yi gaggawa.

Fankar lantarki ba ta fara ba da wuta sai gudun iska ya kai kamar mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma in gudun ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikin iskar kan ninka sau 8. Don haka iskar hunturu da ke kaɗa rawani a Disamba ba hujja ba ce a kan abin da za a samu ranar da gari ya yi tsit a tsakiyar bazara. Ɗaukewar iska kuwa ba ta hana Denmak samun fiye da rabin wutarta daga gare ta ba, domin ta haɗa layukanta da na maƙwabta masu madatsun ruwa irin Norwe.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka manta da darasin da ke ƙofar gidanmu. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina akwai tashar iska mai megawat 10, tunanin da ya faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi. Kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo fankoki 37, kowacce mai kilowat 275. Fukafukai biyu gare su, kuma an ƙera su yadda za a iya kwantar da dogon ƙarfen har ƙasa a yi gyara, tsarin da ya dace da ƙasa irin tamu. Amma a Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai Nuwambar 2013. Aikin ya tsaya, kayan suka daɗe a rana da ƙura, aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Rashin tsaro da sakacin hukuma ne suka gurgunta Lambar Rimi tun kafin a ba iskar dama ta nuna iyakarta, amma yau iskar ake ɗora wa laifi.

Najeriya ta ɗauki alƙawarin samar da megawat 30,000 nan da 2030, kashi 30 cikin 100 daga makamashi mai sabuntuwa, alhali abin da ke zagayawa a babban layin ƙasa da ƙyar yake wuce megawat 5,000. Alƙawari a takarda ba ya kunna firjin ajiye allurar rigakafi a asibitin Basirka, ba ya juya injin markaɗe.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, saboda haka gwamnatin Jigawa ba ta da sauran uzuri. A kafa na'urorin auna iska a kan duwatsun Birnin Kudu da tuddan Gwaram, a yi shekara guda cur ana rubuta sakamako, a buga shi kowa ya gani. Inda iskar ta isa, a haɗa ta da sola da batura. Inda ba ta isa ba, a haƙura a zuba kuɗin a hasken rana. A horar da matasanmu gyara tun kafin kaya su iso. Ku kuma wakilanmu a majalisar jiha, duk wanda ya kawo muku kwangilar fanka ba tare da takardar awo ba, ku mayar masa da ita.